Majinar Zomo Ba Murar Wasa Ba Ce: Jan Kunne Ga Masu Kiwo A Ajegunle

Duk wanda ya kutsa lungunan Ajegunle, ya tashi daga Boundary ya bi ta Achakpo ya ɓulla Tolu ko Alaba Suru, in ya lura da bayan ɗakuna zai ga waɗansu 'yan akwatuna na katako da waya an jingina su da bango, an rufa musu tsohon kwano ko buhu. Mazauna cikinsu zomaye ne. Haka abin yake a Zangon Agege da Idi-Araba da sauran wuraren da 'yan Arewa suka yi kaka-gida a Ikko. Mutumin da ya taso a gidan da ba a rasa akuya ko tunkiya a turke, in ya zo birnin da ɗaki ɗaya ne rabonsa, ba shi da filin ɗaure ko da ɗan akuya. Zomo kuwa ba ya kuka balle ya tada maƙwabta, ba ya cin wuri, cikinsa kwana 31 ne kawai, ga shi yara suna sonsa. Wani don yaransa ya sayo, wani kuwa asusu ya mai da shi, in kuɗin makaranta ya taso a kama biyu a sayar.

To, amma akwai wata cuta da ke yi wa wannan asusu ɓarna a ɓoye, kuma yawancin masu kiwo ba sa ɗaukarta da muhimmanci sai ta gama aikinta. Takan fara da atishawa. Bayan kwana biyu hancin zomo ya jiƙe da ruwa-ruwa, sa'an nan ruwan ya yi kauri ya zama farar majina ko rawaya. Mai gida ya duba ya ce ai mura ce, damina ce ta kawo ta, za ta wuce. Sau da yawa ba ta wucewa.

Ba zomon daji ba ne

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, zomon keji da zomon da ake farauta a dazukan Katsina da Sakkwato ba iri ɗaya ba ne, suna ne kawai ya haɗa su. Na dajin Arewa yana haihuwar 'ya'yansa da gashi, idonsu a buɗe, a sarari cikin ciyawa. Na gida kuwa asalin kakanninsa ƙasar Sifen da kewayenta ne, mazaunin rami ne mai sanyi, kuma 'ya'yansa tsirara suke zuwa, ido a rufe. Ire-iren da aka fi gani a Nijeriya, kamar su New Zealand White da Chinchilla da California da Dutch, duk daga ƙasashen sanyi aka kawo su. Kiwon nasu ya daɗa samun karɓuwa a wannan yanki cikin shekarun 1970, sa'ad da Gana ta kafa shirinta na kiwon zomo a Kwabenya kusa da Ankara a 1972, Nijeriya kuma ta ƙaddamar da shirin Ciyar Da Ƙasa a 1976, aka yi ta kiran mutanen birni su yi lambu su kiwata ƙananan dabbobi a bayan gida. Saboda haka juriyar da aka san zomon daji da ita, kada a nemi irinta wurin na keji.

Halittar zomo kuma ta sa majina ta fi yi masa illa bisa ga sauran dabbobi. Ta hanci kaɗai yake numfashi. Mutum in mura ta toshe masa hanci sai ya buɗe baki ya sha iska, zomo ba shi da wannan sauƙi. Huhunsa ƙarami ne in an gwada da girman jikinsa, kuma lafiyayye yakan ja numfashi sau 30 zuwa 60 a minti ɗaya yana hutawa. Ran da aka ga zomo ya ɗaga kai sama, ya miƙe wuya, yana haki da baki buɗe, to, ya kai gargara, ko dai a kai shi wurin likita a wannan sa'a ko a rasa shi.

Mai laifin

Ƙwayar cutar da ta fi kawo wannan majina sunanta Pasteurella multocida. An raɗa mata sunan ne don tunawa da Louis Pasteur, masanin nan na Faransa wanda ya yi bincike a kanta cikin kaji a 1880. Danginta ne ke kawo kwalarar kaji, waɗansu kuma su ke kawo ciwon nan mai kumbura maƙogwaron shanu da damina ya kashe su farat ɗaya. Akwai waɗansu ƙwayoyin da ke tayata aiki, irin su Bordetella da Staphylococcus, amma ita ce uwar tafiya.

Abin da ya sa ta zama mugun baƙo shi ne, zomaye da yawa suna ɗauke da ita cikin hancinsu alhali lafiyarsu lau, suna ci suna tsalle. Tana nan kwance tana jira. Ran da jikin zomo ya yi rauni, ko don doguwar tafiya, ko zafi, ko haihuwa, ko ƙarancin abinci, ko gurɓatacciyar iska, sai ta tashi. Wannan ne ya sa mutum zai sayi zomo garau a kasuwa, bayan mako ɗaya ya fara atishawa, ya koma yana zagin mai sayarwa. Mai yiwuwa ne shi ma mai sayarwar bai ga komai ba.

Tana yaɗuwa ta atishawa, da haɗa hanci, da kwanon ruwa ɗaya, da hannun mai ba da abinci in ya taɓa marar lafiya ya taɓa mai lafiya. Uwa tana ba 'ya'yanta tun suna cikin akwatin haihuwa. Namiji kuma yana iya ba mace wurin barbara, abin lura ga masu al'adar aron namiji daga wannan gida zuwa wancan.

Zomo dabba ce mai ɓoye ciwo, gama a daji wanda ya nuna rauni shi shaho ke ɗauka. Yana kuma da tsabta, da majina ta fito sai ya share da hannuwansa. Don haka gwanayen kiwo ba hanci kaɗai suke dubawa ba, sukan juya ƙafafun gaba su duba ta ciki. In gashin wurin ya cukurkuɗe, ya yi ɓawon rawaya, to, zomon nan yana da majina ko da hancinsa ya bushe ƙayau. Wannan dubawa ba ta cin minti ɗaya, kuma ta fi duk rantsuwar da dillali zai yi.

In an bar ciwon, ba ya tsayawa a hanci. Yakan bi hanyar hawaye ya hau ido, a ga kwantsa fara, gashin kumatu ya zube. Yakan bi ta maƙogwaro ya shiga can cikin kunne, sai zomo ya karkace kai gefe guda, yana tafiya yana zagaye ko yana birgima. Waɗansu in sun ga haka sai su ce iska ce ta buge shi ko sammu aka yi wa gidan, alhali mugunya ce ta taru a kunne. Yakan fito da ƙurji a ƙarƙashin fata ko a muƙamuƙi, mugunyarsa kauri gare ta kamar man goge baki, ba ta tsiyayewa don kanta. Yakan shiga mahaifa, zomanya ta daina ɗaukar ciki, a yi ta ciyar da ita a banza. Mafi muni shi ne in ya sauka huhu, nan kam wani lokaci ba a ganin alama, sai dai a wayi gari a tarar da gawa.

Abin da Ajegunle ta ƙara

Ajegunle tana cikin Ƙaramar Hukumar Ajeromi-Ifelodun, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da 680,000 a fili ɗan kaɗan, tana cikin wurare mafi cunkoso a ƙasar nan. Ƙasa ce mai fadama, ruwa yana kwanciya, ga ta maƙale da tashar jiragen ruwa ta Apapa da ta Tin Can wadda aka buɗe a 1977, inda manyan motoci ke yini suna tuttula hayaƙi. Ruwan saman da Ikko ke samu a shekara ya kusa ninka na Kano sau biyu, ya fi tsanani a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa cikin Agusta, ya komo a Satumba da Oktoba. Iskar kanta a jiƙe take yawancin shekara.

A nan ne dabarar gida take cin amanar ɗan Arewa. A Zariya ko Gusau, in fitsarin dabba ya zuba a ƙasa, kafin la'asar rana ta shanye shi. A Ajegunle yana nan kwance, katako ya tsotse shi, ya ruɓe, ya riƙa fitar da zarni. Zarnin nan iska ce mai suna amoniya, kuma ita ce babbar abokiyar Pasteurella, domin tana ƙone 'yar lallausar fatar da ke cikin hanci, wadda ita ce ke tare ƙura da ƙwayoyin cuta. Daɗin daɗawa, da ruwa ya sauko sai mai kiwo ya tausaya wa dabbobinsa, ya lulluɓe kejin da leda ko tamfol ta kowane gefe don kada su ji sanyi. Sanyin Ikko ba ya kashe zomo, mai rigar gashi ne, ya fi jin daɗi in ma'aunin zafi yana wajen 15 zuwa 21. Abin da ledar ta yi shi ne ta kulle shi da zarninsa har gari ya waye. Tausayi ne, amma na kisa.

Gwajin ba wuya. Da asuba, kafin a yi shara, mai kiwo ya durƙusa ya sa fuskarsa daidai inda hancin zomo yake. In idonsa ya yi yaji ko ya ji zarni ya daki hancinsa, ya tuna shi na daƙiƙa biyar ya shaƙa, zomon kuwa a ciki ya kwana.

Sauran abubuwan kowa ya san su a gidan haya. Janareta a bayan ɗaki, nan kuma kejin yake, don nan ne kaɗai fili. Risho da murhun gawayi. Maganin sauro na ƙonawa. Garin katako mai laushi da ake kwasowa wurin masu yankan katako a shimfiɗa a keji, wanda ƙurarsa ke shiga hanci. Busasshiyar dusa da zomo ke tura hanci ciki yana atishawa. Sa'an nan ga 'yar hunturun Disamba da Janairu mai kawo ƙura, ga zafin Fabrairu da Maris wanda ke haura 32, a ƙarƙashin kwano kuwa ya fi haka nesa. Zomo ba ya gumi, da kunnuwansa yake fitar da zafi. Wanda zafi ya kama yakan miƙe yana haki, hancinsa ya jiƙe da farin ruwa garau. Wannan dabam yake da majinar cuta, abin da yake so inuwa ne da iska da a shafa masa ruwa a kunne, ba a tsoma shi cikin bokiti ba.

Ba kowace majina ce Pasteurella ba. In hanci ɗaya ne kawai ke zuba, mai yiwuwa tsinken ciyawa ne ya maƙale, ko kuwa haƙori ne. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro har ya mutu, in bai sami ciyawa mai tauri da zai riƙa nika su ba, saiwarsu takan tura sama ta toshe hanyar hawaye ko ta yi ƙurji kusa da hanci. Zomon da aka reno da dusa da sauran tuwo zalla shi ya fi faɗawa wannan.

Kafson kemis

Ga inda aka fi yin asara. Mutum ya ga zomo da majina, ya aiki yaro kemis ya sayo kafso irin wanda shi kansa yake sha in mura ta kama shi, ya fasa ya zuba cikin ruwan sha. Bayan kwana biyu ko uku zomo ya daina ci, cikinsa ya kumbura, zawo ya ɓarke, ya mutu. Sai a ce murar ce ta yi ƙarfi. Ba murar ba ce, maganin ne ya kashe shi.

Dalili kuwa shi ne, zomo da taimakon waɗansu ƙwayoyi masu amfani da ke cikin babban hanjinsa yake narkar da ciyawa. Akwai magungunan da in sun bi ta baki sukan hallaka waɗannan ƙwayoyi, su bar wata muguwa mai suna Clostridium ta yi yawa ta zuba dafi cikin jini. Ampicillin da amoxicillin da Ampiclox da lincomycin da clindamycin da erythromycin duk suna cikin wannan sahu, haka ma penicillin in an ba shi ta baki. Abin takaici, su ne kuma suka fi arha, suka fi sauƙin samu a kowane lungu. Garin maganin kaji ma da ake sayarwa a ƙunshi, waɗansunsa gauraye suke da irin waɗannan, don haka cewa maganin dabbobi ne ba ta isa hujja ba.

Akwai magungunan da likitocin dabbobi ke ba zomo ba tare da wannan haɗari ba, kamar enrofloxacin da haɗin trimethoprim da sulfa, wani lokaci kuma allurar penicillin a ƙarƙashin fata. Amma awonsu da nauyin zomo ake yi, kuma ba maganin kwana uku ba ne, yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani ma ya fi. Wanda ya tsaya da ya ga majina ta bushe, ƙwayar ya koya wa jure magani. Ma'aikatar Gona ta Jihar Ikko tana da asibitin dabbobi a Oko-Oba cikin Agege, akwai kuma likitoci masu zaman kansu. Jami'ar Ibadan da Jami'ar Aikin Gona ta Abekuta suna da asibitocin koyarwa na dabbobi, kamar yadda Jami'ar Ahmadu Bello take da shi a Zariya. Kuɗin mota daga Ajegunle zuwa Agege da na magani yana iya kusan kuɗin zomon, gaskiya ne. Sai dai lissafin ba na zomo ɗaya ba ne, na duk waɗanda ke kejin ne.

Kafin a kai ga likita, abin da mai gida zai iya yi shi ne ya ware marar lafiyan can nesa, da kwanonsa dabam, ya zama shi ne na ƙarshe da za a ba abinci, sa'an nan a wanke hannu da sabulu. A riƙa goge masa hanci da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri don ɓawon ya buɗe. Kada a shafa masa man zafi a hanci, kada kuma a ɗura masa ruwa ko jiƙo da ƙarfi, gama yakan sarƙe ya tafi huhu. A lallashe shi da ganyen da ya fi so, na dankali ko na karas, domin zomon da hancinsa ya toshe ba ya jin ƙanshin abinci, kuma wanda ya yi sa'a 12 bai ci ba cikinsa na iya tsayawa cik. A daina ɗaga shi ta kunne ma, wannan al'ada ba ta da kyau ko ga lafiyayye, a tallafe shi ta ƙirji da gindi.

Magani yakan kwantar da ciwon, amma ba kullum yake raba zomo da ƙwayar ba, tana iya komowa ran da wahala ta sake samunsa. Zomon da yara ke wasa da shi yana iya shekaru a haka in ana kula da shi, a ware. Amma mai kiwo don riba, zomanyar da majina ke komo mata bai kamata a ci gaba da ba ta namiji ba, gama kowace haihuwa sabon garken masu cuta take zubawa. Wanda aka yi wa magani ba a yanka shi sai kwanakin da likita ya faɗa sun cika. In an feɗe aka ga mugunya a ƙirji ko ƙuraje a jiki, a binne naman. Cizo ko yaƙushin zomo kuma yana iya sa wa mutum ƙwayar a rauni ya kumbura, saboda haka a wanke da sabulu nan take, in ya yi ja ya kumbura a tafi asibiti.

In jini ne, magana ta sake

Akwai wata cuta dabam da bai kamata a rikita ta da majina ba. A ƙasar Sin aka fara ganinta a 1984, wani sabon nau'inta ya ɓulla a Faransa a 2010, kuma a 2020 aka tabbatar da ita a Nijeriya, a Jihohin Kwara da Oyo, watau a kan hanyar da ta haɗa Ikko da Arewa. Bairos ne ke kawo ta, hanta take ci, jini ya tsinke a cikin jiki. Zomaye sukan mutu bi da bi cikin kwana ɗaya ko biyu, da ƙibarsu, waɗansu da kumfar jini a hanci, waɗansu ba alamar komai. Ba ta da magani, sai allurar rigakafi, kuma ba ta kama mutum. Ita Pasteurella rana da ruwan bilic suna kashe ta cikin sauƙi, wannan kuwa tana iya watanni a jikin keji da buhu da takalmi, ƙuda ma yana ɗaukarta. Wanda ya ga irin wannan mutuwa kada ya yi gaggawar kai sauran kasuwa don ya rage asara, gama asarar zai raba wa 'yan'uwansa. Ya sanar da likitan dabbobi na gwamnati, su ne ke aika samfur wuraren bincike irin na Vom kusa da Jos. Gawar kuma a binne ta da zurfi ko a ƙone, kada a jefa cikin kwata.

Gyaran keji

Yawancin wannan wahala kafinta ne maganinta. Keji ya tashi daga ƙasa kamar ƙafa 3, saboda ambaliya da ɓeraye, ƙasansa ya zama waya don fitsari da kashi su zube, a sa ɗan katako a gefe inda zomo zai huta da ƙafafunsa. Rufi ya zarce sosai don ya tare feshin ruwa, gefen da iskar ruwa ke bugowa kaɗai za a kare, sauran a bar su a buɗe. In keji hawa biyu ne, a sa kwano a karkace tsakaninsu don na sama kada ya yi wa na ƙasa fitsari a ka. Babban zomo ɗaya yana bukatar wajen ƙafa 3 a tsawo da 2 a faɗi. A share ƙarƙashi kullum, ranar da aka sami rana kuma a wanke da ruwan bilic, a ɗauraye, a bari ya bushe kafin a mai da dabba. Dusa a yayyafa mata ruwa kaɗan, wadda ta rage a zubar kafin ta yi fumfuna. Ganyen da aka kwaso a Mile 12 a wanke a bar shi ya sha iska, ciyawar bakin kwata kuwa a bar ta inda take. Harawa, in an samu, ta fi su duka, ga ciki ga haƙori.

Sai maganar baƙon zomo. Mutum ya je gida Salla, ya ga zomaye da arha a Kano ko Zariya, ya sa biyu cikin kwali ya ɗora a tirela ko bas, su yi kwana ɗaya ko biyu cikin zafi da ƙura da hayaƙi, ba ruwa. Ko da sun taso lafiya, irin wannan tafiya ce ke tada ƙwayar da ke kwance. In sun iso, kada a zuba su cikin na gida a daren. A ba su keji nasu can gefe har kwana 30, ana duba hanci da ido da cikin ƙafafun gaba kowace safiya. Haka za a yi wa wanda aka sayo a nan Ikko, da namijin da aka ba da aro ya komo.